Gaba, Zam da Ƙulli: Yadda Ake Auna Hanyar Bahar Maliya

 Ga jawabinmu na tarihi a rubuce, domin wanda shirin ya riske shi a bakin rijiya ko a layin kwastan, bai samu ya ji shi har ƙarshe ba.

Yau maganar teku za mu yi, da yadda ake auna nisanta da zurfinta. Na san wani zai ce, to ni da nake bin shanu tsakanin Sinja da Damazin, ko nake kai kaya Galabat, ina ruwana da teku? Yi haƙuri ɗan'uwa, ka ji. Ragon da ka sayar a kasuwar Gadarif, sau da yawa ba a ƙasar nan za a yanka shi ba, Sawakin zai nufa, a sa shi a jirgi zuwa Jidda. Yadi da shayi da batirin da kake kasawa, yawancinsu ta ruwa suka iso Bur Sudan. Kuma kakanninmu da suka kafa ƙauyukan nan, ai ruwan nan suka nufo tun farko.

Ka san labarin. Bayan yaƙin Burmi a watan Yuli na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a gabas. Wajen 1906 suka sauka a gaɓar Bahar Azraƙ, kudu da Sinnar, garin kuma ya ci sunansa har yau. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe, sai maniyyata daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram suka riƙa yada zango a nan, su ciri auduga su tara guzuri. Wasu suka wuce, wasu suka zauna, ga mu nan jikokinsu.

Duk wannan doguwar tafiya, da zango aka lissafa ta. Kwana kaza zuwa rijiya kaza, yini guda zuwa gari kaza. To amma da mutum ya isa Sawakin, ƙasa ta ƙare. Babu sawun raƙumi, babu kuka, babu rijiyar da za a ce daga nan saura zango biyu. Daga nan sai ma'aunin masu jirgi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, in ka duba shi da kyau, za ka tarar ka daɗe da sanin rabinsa.

Gaba

Mu fara da zurfi. In ka kira mai haƙar rijiya, yaya kuke ciniki? Gaba nawa. Ka kama igiya da hannu ɗaya, ka ja ta bisa ƙirjinka, ka miƙe ɗaya hannun iyakar miƙewarsa, gaba ɗaya ke nan. Larabawan Kurdufan su kan ce rijiya rajil kaza, wato tsayin mutum kaza. To haka mutanen teku suka yi tun zamanin da. Larabawa suna da ba'i, wato buɗin hannu biyu, da ƙama, wato tsayin mutum. Girkawa na da nasu, Turawan Ingila na ce wa nasu fatom, asalin kalmar ma hannaye a buɗe take nufi. Ba wanda ya koya wa wani. Duk mai jan igiya daga ruwa, da hannu biyu yake ja, sai ya ƙirga.

Matsalar ita ce wadda ka sani. Gabar dogo daban, gabar gajere daban. Rijiyar da dogo ya ce gaba 10 ce, gajere zai rantse 11 ce, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. A bakin rijiya, dattawa su raba gardama, a ƙara wa mai haƙa wani abu, a wuce. A teku kuwa, gaba ɗaya ita ce tsakanin jirgi da dutse. Shi ya sa Ingilishi suka tsayar da tasu gabar a ƙafa 6, wato mita 1 da santimita 83, kowa ya bi, dogo da gajere.

Ga yadda suke aunawa. Ana samun curin darma mai nauyin kilo 3 ko fiye, a ɗaura masa igiya. Mutum ya tsaya a gefen jirgi, ya wurga darmar gaba, lokacin da jirgi ya iso kanta igiya ta miƙe tsaye, sai ya duba inda ruwa ya tsaya ya yi kira da ƙarfi. Igiyar tana da alamu: a gaba 2 tsinken fata biyu, a gaba 3 guda uku, a gaba 5 farin ƙyalle, a gaba 7 jan ƙyalle, a gaba 10 fata mai huda. An bambanta su ne don ko da dare mutum ya shafa ya gane, ba sai da fitila ba. Ƙarƙashin darmar kuma akwai rami da ake cusa kitse. In ta taɓa ƙasa, kitsen ya ɗauko abin da ke can: yashi, ko taɓo, ko ɓawon katantanwa. In ya dawo fes da shaidar bugu, to dutse ne. Matuƙi ya dubi wannan ya san inda yake, kamar yadda kake duban ciyawa ka san ka kusa fadama.

Wani marubucin tarihi Bagirke, Hirodotas, ya ba da labari fiye da shekara 2,400 da suka wuce, cewa mai zuwa Masar ta teku, tun da sauran tafiyar yini guda kafin gaɓa, in ya jefa igiya zai samu gaba 11, kuma zai ɗauko taɓo. Ka san taɓon ina ne? Mafi yawansa shi ne wannan jan ruwan da ke wucewa ta ƙofar gidanmu da damina, wanda Bahar Azraƙ ke kwasowa daga duwatsun Habasha. A da, kafin madatsu su tare shi, har teku yake kaiwa. Masuntanmu na tafkin Sinnar da na Rusairis, masu soka gora su ji ko yashi ne ko laka kafin su saka taru, aikin nan ɗaya suke yi.

Mukan ce rijiya gaba dubu in muna nufin abin da ba a iya kai wa ƙarshensa. To a tsakiyar Bahar Maliya, daura da Sawakin, akwai wuraren da zurfi ya haura mita 2,500, wato fiye da gaba 1,300. Duk alhajin da ya ƙetare ta jirgin ruwa ya bi ta kan rijiyar da ta fi ta karin magana.

Zam da yatsa

Sai nisa. Matuƙan Larabawa da suka yi zamani suna kai da kawowa tsakanin Sawakin, Jidda, Adan da Hindu, su ma zango gare su, suna ce masa zam. Sun raba dare da yini gida 8, kowane gida awa 3, lokacin da mutum ɗaya zai riƙe tuƙi kafin a karɓe shi. Nisan da jirgi zai ci a wannan awa 3 da iska madaidaiciya, shi ne zam ɗaya. Ka ga lokaci ne ya zama nisa, daidai da yadda kake cewa tsakaninmu da mashaya tafiyar hantsi ce.

Amma zango yana da aibi, kai ma ka sani. Zangon mai raƙumi ba shi ne na mai tumaki ba. Iska ta yi kyau zam ya yi tsawo, ta mutu ya gajarce. Don haka suka nemi shaidar da iska ba ta taɓa ta, suka same ta a sama. Akwai tauraron arewa, wanda suke ce wa Aljah, da kusan ba ya motsi daga wurinsa. In kana tafiya arewa sai ya riƙa hawa, in kana kudu ya riƙa sauka. Matuƙi ya miƙa hannu, ya jera yatsunsa a kwance tsakanin bakin ruwa da tauraron, ya ƙirga. Wannan shi ne isba'i, yatsa. Da yake yatsun mutane ba ɗaya ba ne, sai suka koma ga ɗan allon katako mai igiya a tsakiya: ka ciji igiyar, ka miƙa allon har ta tsaya, ka daidaita gefensa na ƙasa da ruwa, na sama da tauraro.

Babban malaminsu shi ne Ahmad bin Majid, mutumin Julfar a gaɓar Tekun Fasha, wanda ya rubuta Kitabul Fawa'id wajen 1490, har ya keɓe babi guda kan Bahar Maliya da haɗurranta. A lissafinsu, da'irar sama gaba ɗayanta yatsa 224 ce, kuma in ka miƙe arewa sak, kowane zam 8, wato kwana ɗaya cur, tauraron zai hau yatsa ɗaya. Da wannan, zam ya samu tsayayyen tsawo, kusan kilomita 22.

Ga wani abu da za ka iya gwadawa da kanka. In dare ya yi sarari, ka dubi tauraron arewa daga Mai Wurno. Tsayin da ka gan shi, kusan shi ne daidai tsayin da mutumin Wurno ta Sakkwato yake ganinsa, don garuruwan biyu a layi ɗaya suke, duk da tsakaninsu ya kai kimanin kilomita 3,000. Jama'ar Mai Wurno sun yi ta tafiya gabas shekara da shekaru, suka sauka inda tauraron yake tsaye kamar na gida. Daga nan zuwa Makka kuwa, sai ya hau yatsu 5. Daga Sawakin zuwa Jidda, yatsa ɗaya da rabi.

Mil ba ɗaya ba ne

Yanzu ga inda mutane ke ruɗewa. Kalmar mil daga Rumawa ta fito, ma'anarta taku dubu, kowane taku ƙafa biyu, hagu da dama. Ta shiga Larabci, ta shiga littattafan fiƙihu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya san nisan da ake yin ƙasaru: buridi 4, kowane buridi farsakhi 4, kowane farsakhi mil 3, jimla mil 48. Wannan mil ɗaya ke nan, da zira'i ake auna shi. Na biyu shi ne mil ɗin Ingilishi na tudu, wanda tsofaffin direbobi suka saba da shi, mita 1,609. Na uku shi ne mil na ruwa, mita 1,852.

Duba bambancin. Mil 48 na tudu kilomita 77 ne. Mil 48 na ruwa kusan kilomita 89 ne. Tazarar ta kai kilomita 12, tafiyar rabin yini ga garke. Hukuncin salla na malamai ne, su za ka tambaya. Abin da nake so ka riƙe shi ne, in an ce maka mil, ka ce wane mil?

Daga ina na ruwa ya fito? Daga auna duniya kanta. Wajen shekara ta 830, Halifa Ma'amun ya aika masanan taurari daga Bagadaza zuwa filin Sinjar. Suka rabu biyu, wasu arewa wasu kudu, suna auna ƙasa da igiya har tauraro ya hau ko ya sauka daraja ɗaya daga cikin daraja 360 na da'ira. Suka samu mil 56 da kashi biyu cikin uku, da mil ɗin Larabawa, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Daga baya matuƙan Turai suka ce, tun da kowace daraja ana raba ta gida 60, me zai hana mu mai da gida ɗaya ya zama mil ɗinmu? Sai ya zama daraja ɗaya mil 60 ce, kewayen duniya mil 21,600, wato kusan kilomita 40,000. Amfaninsa, matuƙi ya auna tauraro, nan take ya san mil nawa ya ci, ba sai ya yi dogon lissafi ba.

Duk da haka ƙasashe sun daɗe kowa da ɗan bambancinsa. Sai a 1929, a wani taro a Monako, aka tsayar da mita 1,852. Amurka ba ta karɓa ba sai 1954, Ingila sai 1970. Da wannan ma'auni, tsakanin Bur Sudan da Jidda kusan mil 160 ne na ruwa, abin da ya kusa kilomita 300. A lissafin su Bin Majid, zam 13 ke nan da ɗan ɗoriya, ƙasa da kwana biyu in iska ta ba da haɗin kai.

Ƙulli

In ka shiga jirgin Sawakin ka tambayi ma'aikaci gudun jirgi, zai ce maka uƙda kaza, wato ƙulli kaza. Ƙulli na gaske ake nufi, irin na igiya. Tun wajen ƙarni na 16, matuƙan Turai kan ɗaura ɗan katako a bakin doguwar igiya su jefa bayan jirgi. Katakon ya tsaya a ruwa, jirgi ya yi gaba, igiya ta riƙa warwarewa ta cikin hannun mutum. An yi mata ƙulli a kowane mita 14 da ɗan kai, kusan gaba 8. Wani kuma yana riƙe da kwalbar yashi mai tsiyayewa cikin sakan 28. Yashi na ƙarewa sai a damƙe igiya, a ƙirga ƙullin da suka wuce. An daidaita tazarar ne yadda ƙulli ɗaya zai zama mil ɗaya na ruwa a awa guda. Ƙulli 5 suka wuce, jirgi na cin mil 5 a awa.

Igiyar ta tafi, sunan ya zauna. Har jirgin saman da ke ɗaukar alhazai yau da ƙulli ake faɗin gudunsa. Ka yi lissafi da kanka: jirgi mai ƙulli 15 zai ci mil 160 cikin awa 11 ba kaɗan. Jirgin dabbobi mai ƙulli 10 kuwa sai awa 16, ban da jiran lodi da jiran sauka. Wannan shi ne lissafin ruwan sha da harawar tumakinka.

Zurfi ya tashi gari

Kada ka ɗauka waɗannan lambobi na masu jirgi ne kaɗai. Sun taɓa tashin gari sukutum. Gaɓar Sudan cike take da duwatsun murjani, masu tasowa daga zurfi su tsaya dab da fuskar ruwa. Nan ruwa gaba ɗari ne, ka matsa kaɗan ya zama gaba ɗaya, kafin ka jefa darma ka ja ta, aikin gama ya gama. Don haka masu sambuk, jiragen katako masu tafiya da iska, in suna bin gaɓa da rana suke tafiya, mutum na sama yana duban launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi, kore a yi hattara, ruwan ƙasa-ƙasa dutse. Rana ta faɗi, a nemi lungu a kwana.

Sawakin ta yi ɗaruruwan shekaru ita ce ƙofar Sudan. Amma mashigarta siririya ce tsakanin murjani. Da jirage masu tururi suka girma, cikinsu ya ƙara nitsewa a ruwa, sai ta kasa ɗaukarsu. A 1905 aka fara gina sabuwar tasha a arewa da ita, a wurin da ake kira Marsa Shaikh Bargut, inda mashigar ta fi faɗi da zurfi, aka buɗe ta a 1909 da sunan Bur Sudan. 'Yan kasuwa suka kwashe suka koma, benayen Sawakin suka riƙa rushewa, aka bar mata alhazai. Sai a 1991 aka buɗe mata sabuwar tasha mai sunan Usman Digna, inda fasinjojin Jidda da dabbobi ke bi.

Darma ma ta yi ritaya. Bayan nitsewar jirgin Titanic a 1912, masana suka dage neman hanyar jin abin da ke ƙarƙashin ruwa, aka samo auna zurfi da amsa-kuwwa. Na'ura ta aika ƙara ƙasa, ta jira dawowarta. Ƙara na cin kusan mita 1,500 a sakan ɗaya cikin ruwan teku, saboda haka in ta dawo bayan sakan 2, zurfin mita 1,500 ne, rabi zuwa rabi dawowa. Kai ma ka taɓa jefa tsakuwa a rijiya kana saurare. Daga ƙarshen shekarun 1960 Ingila ta fara mai da taswirorin ruwanta daga gaba zuwa mita, amma har yanzu akwai taswirori masu gaba. Don haka abin da matuƙi ke fara dubawa a taswira shi ne da wane ma'auni aka rubuta ta. In an rubuta 5 da mita, shi kuma ya ɗauka gaba ce, zai zaci yana da ruwa mita 9, alhali 5 gare shi.

Iyaka a kan ruwa

Ku mutanen iyaka, ga naku. A tudu, iyaka kogi ne, ko dutse, ko turken siminti. A teku, lamba ce. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a 1982, ta ba kowace ƙasa mil 12 na ruwa daga gaɓarta, kusan kilomita 22, a matsayin ƙasarta sosai, da dokarta da 'yan sandanta. Abin sha'awa, kusan zam ɗaya ke nan. Sannan har zuwa mil 200, kifi da ma'adinan ƙarƙashi nata ne.

To Bahar Maliya, inda ta fi faɗi ma ba ta kai mil 200 ba, balle kowa ya ɗebi nasa. Sai Sudan da Saudiyya suka yi wata dabara a 1974. Suka ce daga kowace gaɓa har inda zurfi ya kai mita 1,000, arzikin ƙarƙashin ruwa na mai gaɓar ne. Abin da ya fi haka zurfi a tsakiya, inda aka gano taɓo mai ɗauke da ma'adinai, na tarayya ne. Ka ji iyakar da aka shata da zurfi. Kuma ka gaya wa yaran da ake ruɗa da cewa za a tsallaka da su a ƙaramin kwalekwale cikin dare, wai nan da can ne: kusan kilomita 300 ne, da murjani a bakin kowace gaɓa, da masu gadi a mil 12 na ƙarshe.

Zanen da ke cikin jirgi

Saura ma'auni ɗaya, kuma shi ya fi shafar aljihunka. Ba zurfin teku ba, zurfin da jirgi kansa ya nitse. A 1183, wani matafiyi Ba'andaluse, Ibn Jubair, ya ƙetare zuwa Jidda daga Aizab, tsohuwar tashar alhazai a arewa da inda Bur Sudan take yanzu. Jiragen da igiyar ɓawon kwakwa aka ɗinke katakansu, babu ƙusa. Ya koka ƙwarai da yadda masu jirgi ke cusa alhazai kan juna don kwaɗayin kuɗi, ba ruwansu da abin da teku za ta yi. Tafiyar ta ɗauke su fiye da mako guda, iska na ta wasa da su.

Wannan hali ba na ƙabila ɗaya ba ne. A Ingila ma, masu jirage sun riƙa yi musu lodi fiye da kima, jirage na nitsewa da ma'aikata. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya tsaya kai da fata har aka yi doka a 1876 cewa kowane jirgi a yi masa zane a ciki. A 1930 ƙasashe suka haɗu suka mai da shi na duniya, aka sabunta a 1966. In Allah Ya kai ka tasha, ka dubi tsakiyar cikin jirgi daga waje. Za ka ga da'ira da layi ya ratsa ta, kusa da ita wasu gajerun layuka kamar tsani. Kowane layi na irin ruwansa ne da lokacinsa, don ruwan gishiri ya fi na kogi ɗaga kaya, Bahar Maliya kuwa tana cikin tekunan da suka fi gishiri. A goshin jirgi da bayansa kuma akwai lambobi a jere masu nuna mita nawa cikinsa ya shiga ruwa. In ruwa ya rufe layin da ya dace, an wuce ƙa'ida, ko me mai jirgi zai ce. Jirgin dabbobi kuma, ban da wannan, yana da adadin kawunan da aka yarda ya ɗauka, don dabba ba buhu ba ce, tana motsi, in garke ya karkata gefe ɗaya jirgi ya bi shi.

Ba mu manta da watan Yuni na 2022 ba. Wani jirgi ya kife a tashar Sawakin, bai ma fita teku ba. Rahotannin lokacin suka ce tumaki 15,800 aka loda masa, alhali 9,000 ne ƙa'idarsa. Ma'aikata sun tsira, amma tumakin da aka ceto ba su wuce kimanin 700 ba. Kai da ka san wahalar rainon tunkiya ɗaya daga haihuwa zuwa kasuwa, da rani da ƙishirwa da ɓarayi, ka ƙiyasta garke nawa ke nan, na gida nawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

To ɗan'uwa, abin da tarihin nan ya nuna shi ne, mutanen teku sun fara da abin da ka fara da shi, hannu da yatsa da igiya da tauraro. Abin da suka ƙara kawai, asara ta koya musu su yarda da gaba ɗaya, mil ɗaya, layi ɗaya, wanda dogo da gajere, mai kaya da mai jirgi, duk za su duba su ga abu guda. Kai ma haƙƙinka ne ka nemi haka. In za ka yi cinikin rijiya, ku auna igiyar da mita a gaban shaidu tun kafin a sa diga. In dillali ya ce jirgi zai kwashi dabbobinku, ka tambaya kai nawa aka rubuta masa, kai nawa aka riga aka loda, awa nawa zai yi, kuma wa zai biya in an yi asara, a rubuta. In ɗanka ya zo da zancen ƙetarewa ta ɓarauniyar hanya, ka zaunar da shi ku yi lissafin nan tare. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka isa da waɗanda suka kwanta a hanya, ta tudu ko ta ruwa. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya tsare garke da ayari. Sai mun haɗu a shiri na gaba.